Tambayar da Malam Tukur Bai Yi Ba

An taɓa yin wani mutum a wani gari, shekarun baya, ba sai na faɗi garin ba, kada wani ya fara laluben danginsa. Malam Tukur ake ce masa. Wannan bawan Allah ba likita ba ne, mai ɗibar jini ne a asibiti. Shekara goma sha tara yana ɗaure wa mutane dantse yana neman jijiya, kuma an shaide shi da sanyin hannu, har tsofaffi shi suke jira ko da layinsa ya fi tsawo. Aibinsa ɗaya, in aibi ne, kunya. Idan mace ta gaishe shi, takalminsa yake kallo ya amsa.

Ku na baya can masu hira, ku saurara, labarin nan da ku nake.

A asibitin akwai wata likita, Saratu, tana bincike kan ciwon daji. Ku gane, a jinin kowannenmu Allah Ya zuba wasu ƙwayoyi, sojojin jiki, aikinsu farautar duk abin da ya tsiro ba bisa ƙa'ida ba, har da ƙwayoyin daji. Akwai kuma wani sinadari, likitoci suna ce masa furolaktin, shi yake kawo wa mai jego ruwan nono. To sojojin nan suna jin wannan sinadari. Abin da likita take son sani, zaburar da su yake yi ko sanyaya musu gwiwa? Shi ya sa take auna jinin masu ciwo, ta auna na masu lafiya, ta kwatanta.

Doka ɗaya ta kafa masa. Ta ce, "Malam Tukur, kowace mace ka tambaye ta, tana shayarwa ko ta yaye. Ka rubuta abin da ta faɗa da bakinta. Mai shayarwa dama sinadarinta sama yake, ba abin tsoro ba ne. Wadda ba ta shayarwa in ya hau haka, wannan wata magana ce."

Ya ce to. Ya tambayi mata sittin, kansa a sunkuye, yana gumi, amma ya tambaya.

Ran wata Talata da hantsi, sai ga Hansatu, matar ɗansa na fari. Daji ne ajalin mahaifiyarta, shi ya sa da ta ji ana neman masu lafiya ta kawo kanta. Kun dai san tsakanin suruki da matar ɗan fari, ko sunanta ba ya kamawa. Ya ɗaure dantse, ya ɗebi jini, da ya zo kan tambayar sai harshe ya ƙi. Ya ce a ransa, jikan nan nawa ya kusa shekara biyu, gudu yake da ƙafarsa, ai an yaye shi. Ya ɗauki biro ya rubuta: ta yaye.

Bayan mako guda sakamako ya fito, sinadari ya yi sama. Likita ta duba takarda ta ga an yaye. Ba ta sake tambaya ba, don wa yake bin bayan rubutun Malam Tukur? Ta kira Hansatu da mijinta Sabi'u, ta ce jinin ya nuna wani abu, mai yiwuwa ɗan ƙari ne a cikin kai, ranar Litinin su je babban asibiti a ɗauki hoto. Ta ce kada su tsorata. Amma yarinyar da ta yi jinyar uwarta har kabari, ta ji kalmar ƙari, ku ce mata kada ta tsorata? Hansatu ta daina cin abinci. Ta aika a kira ƙanwarta, tana nuna mata inda kayan yaro suke.

Shi kansa Malam Tukur hankalinsa ya tashi, bai san shi ne silar ba. Sai ranar Alhamis da azahar, matarsa Gambo tana zuba masa miya ta ce, "Malam, yarinyar nan tausayi take ba ni. Ga rashin ci, ga yaro yana tsotsonta, da me za ta tsaya?"

Ya ce, "Ba a yaye shi ba?"

Ta ce, "Ina fa. Sai bayan Salla suka ce."

Lomar da ke hannunsa ba ta kai baki ba.

Ku saurara da kyau, nan ne jarrabawar. Zuciya ta ce masa, Tukur, yi shiru. Litinin za a ɗauki hoto, ba za a ga komai ba, kowa ya ce alhamdu lillahi, ba mai sani har abada. In ka yi magana, kujerarka ta shekara goma sha tara ta tafi, kuma da wane ido za ka kalli ɗanka? Kwana huɗu ne kawai, Tukur, kwana huɗu.

Ya yi la'asar bai san raka'a nawa ya yi ba. Washegari ya je aiki, mai sanyin hannu ya soki wani dattijo sau uku bai sami jijiya ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Amma duk inda ya juya, yarinyar yake gani tana ninke kayan ɗanta tana miƙa wa ƙanwarta. Kwana huɗun da yake cewa kawai, ita ce take kwanansu.

Kafin a tafi masallacin Juma'a ya ƙwanƙwasa ƙofar likita. Ya ce, "Ranki ya daɗe, takardar Hansatu ƙarya na rubuta. Ban tambaye ta ba. Matar ɗana ce, na ji nauyi. Tana shayarwa."

Ta ce, "Mata nawa ka yi wa haka?"

Ya ce, "Ita kaɗai. Amma yanzu ba ki da dalilin yarda da ni."

Ta ce, "Ba ni da shi kuwa. Matan nan sittin sai na sake nemo su ɗaya ɗaya. Aikin wata shida, Malam Tukur, kuma masu ciwo suna jiran amsarsa. Zan aika a gaya wa yarinyar."

Ya ce, "Ki bari ni in je."

Ya je. Ya yi sallama ya tsaya a tsakar gida, ɗansa yana nan, maƙwabta mata suna nan sun zo dubiya. Mutumin da bai taɓa kama sunanta ba ya ce, "Hansatu, ba abin da yake kanki. Jininki na mai shayarwa ne. Ni ne aka ce in tambaye ki ko kina ba yaro nono, ban tambaya ba, na rubuta abin da ban sani ba. Ki yafe mini."

Ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Can ta ce, "Baba, na yafe." Sai ta juya wajen ƙanwarta ta ce ko akwai sauran kunu.

Kada ku jira in ce an ƙara masa girma. An cire shi daga ɗibar jini aka mai da shi wankin kwalabe, a can ya yi ritaya, Sabi'u kuma ya fi wata yana gaishe shi a daƙile.

To jama'a, kunya abu ne mai kyau, ban ce ku yar da ita ba. Amma kunyar da za ta sa ka rubuta abin da ba ka tambaya ba, sunanta ƙarya, kuma wani ne yake shan wahalarta, ba kai ba. A cikinmu akwai wanda ya san maganar da in ya faɗe ta yau wani zai sami barci, amma yana jiran Litinin ta rufa masa asiri. Kar ka jira. In mun shafa addu'a, ka fara bi ta gidan wannan mutumin kafin ka wuce naka. Allah Ya ba mu ikon faɗa tun tana da amfani.