Ƙofar da Ba a Dasa Ɗan Leƙe

An yi wani mutum a wani gari, Sallau sunansa, bawan Allah marar hayaniya. Sana'arsa rubuta manhajar da ke can ƙasan na'ura, wadda suke kira zuciya. Shi da abokin aikinsa Tanimu suka rubuta ta kwalbar ɗumama bakwaini. Tanimun nan kuwa ba shi da aiki sai kai sukar Sallau wajen oga.

Ku saurara. Masu wannan sana'a in suna farautar matsala, sukan dasa wani ɗan umarni da suke kira ɗan leƙe cikin manhaja, kowane motsi ya kai rahoto. Amma akwai ƙofa guda a zuciyar da ba a dasa shi, don shi ma ta nan yake wucewa. Sai ya ga kansa, ya kai rahoton kansa, ya sake ganin kansa, har na'ura ta sandare.

Ran nan da hantsi aka kira su asibiti, har da oga. Kwalba ta tsaya cak. An ciro jaririn da ke ciki an manna shi a ƙirjin uwarsa Ladidi, amma jikinsa sai ƙara sanyi yake.

"Malam, don girman Allah," in ji ta, "shi kaɗai gare ni!"

Sallau ya duƙufa kan manhajar. Sai ga ɗan leƙe a ƙofar nan, da sunan Tanimu a kai. Tanimun ne ya dasa, ya manta bai cire ba.

Oga ya daka tsawa: "Wane sakarai ne ya jawo wannan? Yau zai bar aikin nan!"

"Oga, jaririn tukuna," in ji Sallau.

Ya cire ɗan leƙen, ya tashi na'ura. Shiru. Ladidi na salati. Can fitila ta kama, ɗumi ya dawo, aka mayar da yaro.

Oga ya ce, "To, wane ne?"

Tanimu ya jiƙe sharkaf da gumi. Jama'a, in ku ne fa? Ni kam wallahi da na tona!

Sallau ya ce, "Hannu biyu aikin ya bi. Ni na duba kafin ya fita, ban gani ba. In kora ce, a fara da ni."

Bai yi ƙarya ba, bai kuma tona ba. Oga ya yi tsaki ya fita. Sai da suka keɓe Sallau ya nuna wa Tanimu wurin, suka toshe ƙofar tare don kada a sake dasa ɗan leƙe a nan. Tanimu ya kasa ɗaga kai.

'Yan'uwa, wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa, Allah zai rufa nasa. Ku kuma masu binciken wayar iyali, masu kasa kunne a bangon maƙwabci, ku ji tsoron Allah. Na'ura ma leƙe ya sandarar da ita, balle gidanku.