Tayar da Ba Ta Gasu Ba

An yi wani mutum, ya 'yan'uwa, a wata masana'antar tayoyin keke, ana ce masa Sha-yanzu. Wasu ke shimfiɗa zare, su lulluɓe shi da roba, su naɗa waya a baki. Shi aikinsa gasa taya: ya sa ɗanyar taya a kaskon ƙarfe mai zafi, ya rufe, ya jira ƙararrawa. A cikin jiran nan roba ke kama zare.

Ɗakin kamar tanderu, ga 'yan karta can a inuwa suna yafuto shi. Sai ya fara buɗe kasko tun ƙararrawa ba ta buga ba.

Dattijon da ke gashi kusa da shi ya ce, "Kai yaro, ko ƙwai ana bari ya dahu."

Ya yi dariya. "Baba, wa zai ci taya?"

Irin wannan taya baƙa ce wuluk, zanenta ras, ba mai gane ta da ido. Sai rana ta buɗe, kwalta ta yi zafi, kaya sun yi nauyi, sannan roba ta saki zare.

Kaskonsa yana da wani ɗan tabo, don haka duk tayar da ya gasa takan fito da shaida a gefe, kamar an danna farce. Shi kaɗai ya san da ita.

Yana da wa mai kai wa shaguna kaya a keke, wanda ya riƙe shi tun rasuwar ubansu. Wata rana da tsakar rana, a kan gangara, tayar gaba ta ɓare. Ga babbar mota a baya. Nan ajalin wan ya cika.

Da aka kawo keken gida, matar wan tana kuka tana cewa, "Sabuwa ce fa, ƙanina! Ya ce ta wurinku zai saya, don ya san hannun da ya yi ta."

Sha-yanzu ya durƙusa ya shafa gefen tayar. Yatsansa ya faɗa cikin tabon.

Bai sake komawa aiki ba. Tayoyi nawa ya gasa haka? Suna ƙarƙashin wa yanzu? Ya shiga gari da reza. Duk keken da ya gani a jingine sai ya tsuguna yana lalube. In ya ji tabo ya tsarge tayar, yana cewa, "Ba ta gasu ba." An doke shi, an ɗaure shi, an sake shi. Har yau in ya ji ƙararrawar keke sai ya tsaya cak, hannu a sama, yana jira.

Ya 'yan'uwa, ha'inci ba ya zama inda aka yi shi. Ƙafa gare shi, kuma ya san hanyar gida. Aikin da ba mai dubawa, shi ne amana. Wa ya gaya maka na nesa ne zai hau abin da ka ɓata?

Allah ya kiyaye mu daga aikin hannunmu, ya sa mu iya jira. Amin.