Bokitin da Na Ce Ba Namu Ba Ne

Kwana biyar ke nan ina yawo da wata magana a ƙirjina. Ta hana ni cin abinci, ta sa har na ƙona rigar mutane a wurin aiki, abin da ban taɓa yi ba cikin shekara goma sha tara da nake guga. Ban yi karatu mai nisa ba, don haka ku yi haƙuri da rubutuna. Labarin wata mata mai girman kai zan ba ku, kuma ba zan ɓoye muku ba, ni ce matar.

Ina aikin guga a wani shagon wanki. Ni irin matan nan ce da in kun gan ni a titi, kayana a goge, takalmina a share, ba za ku taɓa cewa ɗakina yana yoyo ba. Tun ina da ƙuruciya na fi tsoron a san ba ni da shi a kan rashin kansa. In baƙo zai zo, sai in ja kujera in rufe inda siminti ya fashe. Da ina kiran wannan hali rufin asiri. Yanzu na san sunansa na gaskiya.

Mijina, Allah ya ji ƙansa, gyaran rediyo yake yi. Shagonsa ɗan lungu ne a jikin ɗakinmu, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Ya bar mini 'ya ɗaya, shekarunta ashirin da shida yanzu. Fensir muke ce mata, don tun tana ƙarama ba a raba ta da fensir a bayan kunne, kamar yadda babanta yake saƙale sukudireba. Tana aiki a shagon buga takardu, in ta dawo ta zauna gaban kwamfuta tana zane. Shekara biyu tana haka.

Wasan kwamfuta take haɗawa. Ba irin na gudu da harbi ba. Ɗaki ne aka zana, sai ka kai 'yar kibiya kan wani abu ka danna, abin ya ba ka labari, ko ka ɗauke shi ka kai wani wuri ya yi maka amfani. A cikin nata, wata yarinya ce ta shiga shagon babanta bayan rasuwarsa, ta tarar da rediyo ɗaya da bai gama gyarawa ba, tana neman kayan gyaransa da kuma mai shi. Ranar da ta nuna mini, na ga shagonmu da ɗakinmu sak. Ga gwangwanin madara da yake tara ƙusoshi, ga kujerar da nake ja, har da shuɗin bokitin da muke tara wa yoyo.

Ta ce, "Umma, danna bokitin ki ji."

Na danna. Sai yarinyar cikin wasan ta ce, "Baba ya ce wannan ce tashar rediyon ɗis-ɗis, ita kaɗai ce ba ta taɓa lalacewa ba."

Haka yake faɗa kuwa duk lokacin da ruwa ya sauko. Na yi dariya har da hawaye. Da na share fuska na ce, "Amma Fensir, mutane za su ga wannan?"

Ta ce, "Masu son irin wasan ne, Umma. Ba su san mu ba."

Amma abin bai bar raina ba.

Zane kaɗai ba ya zama wasa. Sai an biya mai kiɗa, da masu murya, da wanda zai haɗa komai ya yi motsi. To akwai wani shafi da masu son wasanni suke taruwa, kowa ya yi alƙawarin kuɗin da zai iya bayarwa, in an gama wasan a ba shi ya buga. Ana ba da kwana talatin. In adadin da aka nema ya cika, a karɓa a yi aiki. In bai cika ba, ba a cire wa kowa ko sisi, kowa ya kama gabansa. Kafin ranar rufewa kuma, duk wanda ya ga dama yana iya janye nasa. Fensir ta sa ɗan bidiyo a shafin, ta ce, "Duk abin da kuka gani a ɗakin nan gaskiya ne. Shagon mahaifina ne, ɗakinmu ne." Wannan maganar ce ta jawo mutane. Ta kuma sa ɗan kuɗi da sunana ta wayata, ta rubuta Uwar Fensir, don in riƙa ganin abin da ake cewa in sa baki, tunda wanda ya sa nasa ne kawai yake iya rubutu a wurin.

Akwai wani koren layi a saman shafin da yake tsawo duk lokacin da wani ya shigo. Kullum da safe sai ta nuna mini. A kwana na ashirin da uku mutane sun kusa ɗari shida, layin saura ƙiris ya kai ƙarshe. Wani direban babbar mota ya rubuta cewa babansa gyaran agogo yake yi, ya ga gwangwanin ƙusoshin nan sai da ya tsaya a gefen hanya. Fensir ta karanta mini sau uku.

A ranar ne yayar mijina ta kawo labulenta wanki. Mace ce mai hali, mijinta yana da shaguna, kuma bakinta ba ya da birki. Ta ajiye labulen, ta ciro waya, ta ɗaga ta a gaban abokan aikina.

Ta ce, "Matar ƙanena, ashe abin ya kai haka? Ai da kin yi magana da mun haɗa miki na kwanon rufi ɗaya. 'Yarki tana roƙo a waya, roƙon zamani, da hoton ɗakinki. Dubi, har tsagar bokitin sun zana."

Na ce, "Yaya, ai wasa ne."

Ta ce, "Wasa kam. Duniya na wasa da talaucin ƙanena."

Mai ninke kaya, wadda muka fi shekara goma muna aiki tare, ta leƙa wayar ta kalli bidiyon har wurin bokitin. Da ta ji maganar sai ta fashe da dariya ta ce, "Uwar Fensir, ashe har da gidan rediyo gare ki ba mu sani ba!"

Ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar titi. Lokacin hutun rana na zagaya bayan injin busar da kaya, na buɗe shafin. Ban kira 'yata ba. Ban ko sha ruwa na huce ba. Na rubuta:

"Ni ce mahaifiyar mai wannan wasa. Ina so kowa ya sani mu ba mabuƙata ba ne. Wannan ɗaki ba namu ba ne, ƙirƙira ce. Mahaifinta babban shago gare shi, ɗakinmu bai taɓa yoyo ba. Kada wani ya ba mu don tausayi."

Na tura, na koma kan teburin guga ina jin na wanke sunan gidanmu.

Ko kafin a tashi aiki wayata ta fara ƙara ba tsayawa. Na duba, sai na ga abin da ban yi tunaninsa ba ko kaɗan. Ni ina ganin na kare mutuncinmu, su kuwa abin da suka karanta shi ne uwa ta fito ta ce 'yarta maƙaryaciya ce. Wani ya rubuta, "Ashe labarin uba matalauci dabara ce ta tatsar mutane." Wata ta ce, "In ta yi ƙarya a kan mamaci, me zai hana ta gudu da abin da muka tara?" Direban nan kuwa layi ɗaya ya rubuta: "Na yi kuka a kan gwangwanin ƙarya." Ya janye nasa. Na yi maza na goge rubutuna, amma sun riga sun ɗauki hotonsa suna ta yaɗawa. Koren layin da na saba gani yana tsawo, ranar na ga yana komawa baya da idona.

Na tarar da Fensir zaune a bakin gado, ko jakarta ba ta sauke ba. Ba ta yi mini tsawa ba. Da ma ta yi.

Ta ce, "Umma, ɗakin nan da muke zaune, na waye?"

Na zauna a kan kujerar da nake rufe fashewar siminti da ita.

Ta ce, "Shekara biyu ina zana hannun Baba don kada in manta yadda yake riƙe wayoyin rediyo. Ke kuma kika ce ba a yi shi ba."

Na ce, "Gwaggonki ce ta zo shago, ta yi mini a gaban mutane..."

Ta ce, "Gwaggo ta taɓa zuwa ta tara mana bokiti?"

Na ce, "To ki fito ki gaya musu gaskiya mana. Ki ɗauki ɗakin a waya ki nuna musu."

Sai ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "In ce musu me? In ce uwata ce ta yi ƙarya? Mutum ɗari shida su juyo kanki da irin bakin da suke yi mini? Ba zan iya ba, Umma. Gara su ce ni ce."

Wannan maganar ce take hana ni cin abinci. Ni na ƙaryata ta don in tsira daga dariyar mutum biyu. Ita tana haɗiye zagin ɗaruruwa don kada a taɓa ni. Abin da ta rubuta musu kawai shi ne, wanda ya ga dama ya janye ba ta riƙe shi da komai ba. Sannan ta roƙe ni abu ɗaya. Ta ce, "Don girman Allah, Umma, kada ki sake rubuta ko harafi a wurin. Ki yi mini alƙawari." Na yi mata.

Washegari yayar mijina ta zo karɓar labulenta. Na gaya mata abin da ya faru, ina tsammanin ko za ta ji wani abu. Sai ta ce, "Au, wannan? Ni fa tsokanarki nake yi. Ke ma kin cika ɗaukar magana." Ta duba gugar labulen, ta ce gefe ɗaya bai kwanta ba, ta tafi. Mai ninke kaya kuwa ta kama hannuna ta ce, "Wallahi ba ke nake wa dariya ba, maganar mijinki ce ta ba ni dariya. Mu tasha biyu gare mu a gida, ɗaya a kan gado ma." Shekara goma muna tsaye kafaɗa da kafaɗa, kowacce tana ɓoye wa 'yar'uwarta bokitinta.

Jiya da la'asar aka yi ruwa. Fensir ta tashi ba ta ce komai ba, ta jawo shuɗin bokitin ta tara a wurinsa, ta koma ta zauna. Ba ta buɗe kwamfutar ba, kwana huɗu ke nan. Fensirin ma ba ya bayan kunnenta. Muka zauna ni da ita, ruwa yana ɗiga, ɗis, ɗis, kuma ba wadda ta iya faɗin maganar da babanta yake faɗa. Yau saura kwana biyu a rufe shafin. Layin yana ƙasa da rabi.

Darasin da nake so iyaye 'yan'uwana su ɗauka shi ne, talaucin da nake ɓoyewa bai taɓa kunyata ni ba, girman kaina ne ya kunyata ni. Abin da na ɗauka tonon asiri ne, shi ne baƙi suka gani suka girmama mijina, ni kuwa da hannuna na goge shi. In ɗanki ya yi abin da ba ki gane ba, ki tambaye shi kafin ki tambayi bakin mutane, kuma kada ki yi magana a kan aikinsa ranki yana tafasa. Yanzu ga inda na tsaya. Ina iya tsayawa gaban bokitin nan in ɗauki kaina a waya, in ce ɗakina ne, ni na yi ƙarya, kowa ya gani har dangin mijina, kuma wallahi zagin ba ya ba ni tsoro kuma. Amma na yi wa 'yata alƙawarin yin shiru, kuma wancan karon ma da na yi gaban kaina ne na rusa mata komai. In na yi magana na karya alƙawarinta, in na yi shiru ta ci gaba da ɗaukar sunan da nawa ne. Ku da kuka karanta, don Allah ku gaya mini kafin jibi, wanne zan yi?