Bakin Sahabi Mai Wankan Gawa

A Gummi an yi wani mutum, Sahabi, mai wankan gawa. Ya san farilla, ya san sunna, ko ni da ba ni yabon kowa sai kaina na sara mai. Ciwonai guda na: baki. Duk abin da yag gani jikin mamaci, kahin a watse daga maƙabarta ya kai shi teburin mai shayi.

"Kun ga Alhajin ga da munka ruhe? Duk girman rawanin nan, ƙugunai cike da layu. Har da layar zana, amma mai ɗaukar rai bai ɓata hanya ba!"

Sai a kwashe da dariya, a ƙara mai madara.

Yayanai Isa, wanda yar rene shi bayan rasuwar Innarsu, ya gaji da jan shi gehe.

"Sahabi, mamaci ba shi iya ja ma kainai zane. Kai anka ba amanar ruhe shi. Za a tambaye ka."

"Haba Yaya, wanda yam mutu ina ruwanai da kunya?"

"Ɗiyanai na da rai."

Shekarar da gulbi yac cinye shinkafar hwadama, Isa yak kwanta. Ya daɗe ƙwarai, har jiki yal lalace da gyambon kwanciya. Ran da yac cika, Sahabi yaz zo da sabulu da ganyen magarya, idanu jawur. Lirwanu, babban ɗan mamacin, yat tare ƙohwar ɗaki.

"Bappa, ka yi haƙuri. Baba ya bar wasiyya gaban liman. Kowa ya wanke shi, ban da kai."

"Ni? Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Ya ce shina son ka. Amma ba shi so a sha shayi da labarinai."

Sahabi yaz zamna bisa turmi tsakar gida. Shina jin zubar ruwa daga ɗaki, ya san an gama dama, ya san an juya hagu. Magaryar na hannunai har anka hito da makara.

Yanzu ya tsuhwa, ya bar zaman shayi. Duk wanda yag gaishe shi, tambaya guda: "Ni ko wa zai wanke ni?"

To jama'a, abin da Allah Ya nuna maka na wani, ajiya ta, ba ta hira ba. Ka ruhe asirin wanda ba shi iya ruhe nashi, don kai ma wata rana hannun wani za ka kwanta.