Dutsen da Ya Tsaya a Rabin Hanya

A zamanin da, tun ana auna nisa da gajiyar ƙafa, an yi wani sarki mai suna Tunau. Matashi ne mai zafin nama, amma ba azzalumi ba. Birninsa yana gindin wani tsauni, bisa tsaunin kuwa akwai kufan garin kakanni, kewaye da ganuwar duwatsu. Can mutanen ƙasar suka fake zamanin yaƙe-yaƙe, sai da duniya ta lafa suka sauko. Amma ba su yar da al'adarsu ba: duk wanda aka yi wa haihuwa, bayan suna sai ya saɓa dutse guda, ya hau, ya ɗora a sashen ganuwar gidansu, ya ambaci sunan jaririn. Ba a aike, ba a tayawa. In uba ya gaza a hanya, nan dutsen zai zauna har mai shi ya girma ya ƙarasa da shi.

Wata damina kogi ya ci fatake da jakunansu a mashigi. Sarki ya tara fada, Madugu Cindo, shugaban fatake, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ga duwatsu can sassaƙaƙƙu suna gadin ƙadangaru, mu kuwa ruwa na cinmu. A sauko da su a yi gada mana!"

Malamai suka ce babu haramci. Sarki ya ce, "To, da kaka a rushe ganuwar."

Waziri Barmo yana zaune a gefe. Tsoho ne, shi ne na ƙarshen waɗanda aka haifa a bisa tsaunin. Ya san garin nan tun hayaƙi na tashi a cikinsa, tun mata na niƙa a kwarmin dutse suna waƙa, 'yan mata na gangarowa ɗibar ruwa da tuluna. Kuma yana da 'ya guda, Ayashe, wadda ta rasu tana koyon tafiya. Kabarinta ya daɗe da bajewa, uwarta ma ta bi ta. Abin da ya rage masa a duniya mai sunanta shi ne wani ɗan jan dutse a ganuwar nan. Sai dai ya san sarki ba ya fasa doka don hawayen tsoho, kuma bai kamata ya fasa ba.

Ya ce, "Zaki, hukuncinka ya yi. Sai dai ganuwar nan kowane gida da sashensa, ba mai taɓa na wani. In gidan sarauta ya fara cire nasa, talakawa za su bi ba gardama."

Sarki ya yi dariya, ya ce, "Baba Waziri, wato so kake ka ga na yi dako?"

"So nake in ga an bi ka da zuciya ɗaya, ranka ya daɗe."

Da kaka ta yi suka ɗunguma. Doki ba ya hawa tsaunin, don haka kowa ya tattare riga. Madugu, da yake mai tumbi ne, tun a gindi ya fara kiran sunan Allah. Waziri na gaba da sandarsa, yana nuna wa sarki inda marina take a da, da inda ake tsayawa a hango ƙurar mahara a buga kuge.

A rabin hanya numfashin sarki ya ɗauke. Ya ga wani ƙaton farin dutse a tsakiyar turba, samansa ya yi santsi, hanya ta rabu biyu ta kewaye shi. Ya zauna a kai, ya ce, "Wannan wane rago ne ya yar da shi ya tare wa mutane hanya? Da shi za a fara. Madugu, sa a mirgina shi ƙasa."

Ba wanda ya motsa.

Waziri ya ce, "Ba mai iya taɓa shi sai mai shi, Allah ya ja zamaninka."

"Wane ne mai shi?"

"Kai ne."

Sarki ya miƙe zumbur. Waziri ya ce, "Mahaifinka ya tsufa bai sami ɗa ba. Da aka haife ka, murna ta sa ya zaɓi dutsen da ya fi na kowa girma. Na ce masa, 'Ranka ya daɗe, ba a auna ɗa da nauyin dutse.' Ya ce in rufe masa baki. Nan ƙirjinsa ya riƙe, nan ya durƙusa. Muka sauko da shi, bai ƙara tashi ba. Fadawa suka hana a gaya maka, wai kada ka ce kai ne ajalinsa. Santsin nan da ka gani, hannun talakawanka ne. Duk mai wucewa sai ya shafa ya ce, Allah ya raya Tunau."

Sarki ya daɗe yana duban dutsen. Sa'an nan ya tuɓe alkyabba ya miƙa wa Madugu, ya tsuguna ya saɓa shi. Dogarai suka zaburo, Waziri ya tare su da sanda, ya ce, "Ba a tayawa!"

Sarki ya hau yana tangaɗi, kafaɗa na jini. A sashen gidan sarauta ya tarar da giɓi, an bar shi buɗe tun ran sunansa. Ya ɗora dutsen, ya zauna daram. Ya waiwaya ya ce, "Baba, wa zai ambaci sunan?"

Waziri ya dafa dutsen, ya ce, "Tunau ɗan Nomau."

Sarki ya share gumi, ya ce, "Ganuwa ta zauna. Gada kuma za a yi ta. Ga falalen dutse can a bayan tsauni, a fasa. Daga yau duk wanda ya hau da dutsen ɗansa, ya sauko da na gada. Ni zan fara."

Madugu ya ce, "Har da masu tumbi, ranka ya daɗe?"

"Su kam biyu-biyu za su ɗauko."

Haka aka yi, kogi bai ƙara cin kowa a mashigin nan ba. Ran nan kuwa da jama'a suka juya, Waziri ya ce su yi gaba, zai biyo su. Ya lallaba sashen gidansu, ya tsuguna, ya sa bakin rawaninsa ya goge ƙurar ɗan jan dutsen nan, ya ce, "Ayashe, ba inda za ki."