Wa Ya Rufe Ƙofar Jirgin?

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da rufin cocinsu na ciyawa ne, sunansa Habila. Kafinta ne, karatunsa kuwa sai ya bi layi da yatsa. Shi ke koyar da ƙananan yara a makarantar Lahadi, a gindin wata ɗorawa. Yaran nan kun san su: wannan ya tashi, wancan ya kwanta, waccan tana kuka an taka mata ƙafa. Habila bai taɓa ɗaukar tsumagiya ba. A ƙasa yake zama tare da su.

Wata Lahadi yana ba su labarin ruwan tsufana da jirgin da aka tsira a cikinsa, sai wata 'yar shekara biyar, Lidiya, ta ja masa riga ta ce, "Malam, da kowa ya shiga jirgin, wa ya rufe ƙofar?"

Bai sani ba. Maimakon ya ce bai sani ba, sai ya amsa irin ta kafinta: ai wanda ya sassaƙa ƙofa shi ke rufe abarsa.

Ran Talata yana bin labarin da yatsa a shagonsa, sai ya iske ba haka ba ne. Allah ne da kansa ya rufe ta.

To, ku saurara. A makon nan ne dattawan coci suka ce za su zo ranar Lahadi su ga yadda yake koyarwa, don wani saurayi ya dawo daga makarantar bishara, ana maganar a ba shi ajin.

Habila ya rasa sukuni. Ya auna katako, ya yanke ba daidai ba. Ya ɗauki guduma, ya ajiye. Ya shiga gida, ya fito, ya sake shiga. Matarsa Rautha ta ce masa yarinya ce, ta manta tun kafin ta kai gida. In kuma gyaran ya zama dole, ya bari dattawa su zo su tafi tukuna. Ya ce to.

Amma ran Juma'a ya bi ta bakin rijiya, ya ji Lidiya ta tara ƙannenta tana ba su labarin. Ta ƙare da amsar da ya ba ta, ta ce, "Haka Malam ya ce."

Lahadi ta zo, dattawa uku suka zauna a benci. Habila ya zauna a ƙasa, ya ce:

"Lidiya, kin yi mini tambaya, na ba ki amsar da ba daidai ba. Ban sani ba ne, na ji kunyar faɗa. Allah ne ya rufe ƙofar. Ku yi mini gafara."

Lidiya ta ce, "To, sai ka je ka faɗa wa ƙannena."

Ya ce zai je.

Bayan an tashi, ɗaya daga cikin dattawan ya ce abin kunya ne, malamin da bai san wannan ba yaya za a bar masa yara. Baba Istifanus, babbansu, ya daɗe yana juya sandarsa. Sannan ya ce, "Shekara arba'in ina jin labarin nan. Da ni ta tambaya, amsar Habila zan ba ta. Kuma ba na jin zan dawo in gyara."

Aka bar wa Habila ajin. Saurayin aka ba shi matasa.

'Yan'uwa, malamin yara ba sai ya san kome ba, amma dole ya zama mai gaskiya. Abin da kuka faɗa musu a gindin itace, da sunanku suke kai shi gida. Ku shirya darasinku tun kafin Lahadi. In ba ku sani ba, ku ce za ku duba. In kun yi kuskure, ku gyara shi a gabansu, ko wane ne ke zaune a benci.