Makullin Gidan Mai Wurno

Walid, Mayada, ku ajiye wayoyin nan ku matso. Tun da Kubra 'yar gwaggonku ta roƙi aron gidanmu na unguwar Kalakla, wanda yaƙi ya raba mu da shi, kuke ja-in-ja, ga damina ta kunno kai. Ku ji labarin kawunku Uthman tukuna.

Uthman tela ne a kasuwar Umdurman, mutum mai taushin zuciya da nauyin ƙafa. Gidan da aka haife shi yana can Mai Wurno a bakin kogi, ginin ƙasa da rufin azara. Da iyaye suka rasu ya kulle ƙofar, ya rataya makullin a wuya kamar laya. Komai yana nan yadda Inna ta bar shi: gadonta na igiya, turmin da take daka kofi, da lemun tsamin da ta shuka a tsakar gida.

Duk lokacin da hadari ya haɗu ta kudu, sai ya tsayar da keken ɗinki ya fito yana kallon sama. Daga nan ya shiga ba da labarin yaɓe. Kafin ruwan farko akan kwaɓa ƙasa da kashin shanu, a bar ta ta ruɓa. Maza su hau soro, mata su tuƙa asida, Baba ya zura sanda a indararo ya fitar da sheƙar tsuntsaye. Yana faɗa idonsa na kawo ruwa.

Khadiga mai shayin bakin shagonsa ta gaji da ji. "Ya zol, bawan Allah, kai kana riga sama zubar da ruwa. Ka je ka yi yaɓen mana."

"Bayan Sallah, in sha Allah."

Sallah ta zo ta wuce.

Ƙaninsa Munir ya same shi. "Yaya, Abubakar Sadiƙ ɗan baffa ya yi aure, ba shi da wurin zama. Ba shi makullin, ya riƙa toshe mana ɗigo."

"Baƙuwa ta kwanta a gadon Inna? Yara su tsinke lemun tun yana ɗanye?"

"To yanzu wa ke shan lemun, jemagu?"

Uthman ya tura makullin cikin riga, ya ci gaba da ɗinki.

A daminar babbar ambaliya guguwa ta taso, ruwa ya biyo ta. Uthman ya kira makwabtan gidan na Mai Wurno, waya ba ta shiga. Abinci ya gagare shi, yana ta addu'a kada kogi ya haura. Da hanya ta buɗe ya hau mota.

Kogi bai taɓa unguwar ba. Gidajen makwabta duk a tsaye, sun sha sabon yaɓe. Nasa kaɗai ya zube. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a soro har azara ta karye a kan gadon Inna, katanga ta danne lemun. Ƙofar ce kawai a tsaye da kwaɗonta.

Tsohon makwabcinsu ya dafa shi. "Mun yi gayya, gida gida muka bi. Naka a kulle, Uthman. Mu kuwa ba ma haura katangar mutum."

Kawunku ya zauna a kan tarin ƙasar, ya rasa wanda zai zarga.

Darasin ke nan: kewar gida ba ta yaɓe soro, damuwa daga nesa ba ta toshe ɗigo. Gidan ƙasa da numfashin mutane yake rayuwa, wanda ya hana shi mutane don ƙauna shi ya rushe shi. Walid, na san ɗakin babanka kake karewa, ni ma ina mafarkinsa. Amma ni ƙafa ta ƙare. Ko ɗayanku ya koma ya zauna, ko ku miƙa wa Kubra makullin. Ku yanke kafin ruwan farko, ku zo ku faɗa mini.